Hunturun Elwood a Ramin Kakansa

Duk wanda ya shigo garinmu Zennor ta babbar hanya, abin da zai fara yi masa maraba shi ne dage. Yana zane a jikin tankin ruwan gari, can sama bisa ƙafafun ƙarfe, ya baje kamar wanda mota ta taka, ya yage baki, ƙananan idanunsa cike da ƙorafi. Baƙi kan tsaya su ɗauki hotonsa. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa mutumin da ya zana shi ya shafe rayuwarsa yana gaba da wannan dabba, har ya yi hunturu guda a cikin rami don kada a zana ta. Sunan mutumin Elwood Chenoweth. Na koyar da 'ya'yansa a makarantar gari, na kuma zauna bayansa a coci shekaru masu yawa. Abin da zan faɗa na gan shi da idona, in ban da kaɗan da matarsa ta cike mini daga baya.

An haifi Elwood a gidan dutse na ƙarshe a Layin Gangare, wanda ƙofarsa ke kallon tudu. Danginsa mutanen Cornwall ne, can ƙetaren teku, masu haƙar dalma uba da kaka. Ko da ya isa ɗaukar diga an rufe ramukan, sai ya ɗauki buroshi. Shi ya rubuta allon mahauci, da na banki, da na mai aski, da sunayen da ke jikin motocin madara. Gajere ne kakkaura, mai gashin baki kamar tsintsiya, kuma yana da ɗabi'ar murza shi idan yana tunani. Saboda haka ba a tambayarsa inda yake aiki. Idan gashin bakin ja ne, yana wurin mahauci; idan kore ne, banki ya ba shi kwangila.

Abin da ya fi fenti cin ransa shi ne laƙabin jihohi. Da yamma yakan zauna a gidan mai, ya tare direbobin manyan motoci, ya duba lambar motarsu, ya tambaye su dalilin da ya sa ake kiran mutanensu abin da ake kiransu. Daga wannan bincike ya fitar da hukuncinsa, wanda babu ɗan Zennor da bai haddace shi ba: yawancin laƙabin nan zagi ne daga maƙwabta, jikoki suka wanke shi suka rataya a wuya. Mutanen North Carolina masu kwalta a diddige ne, domin kakanninsu dafa kwalta suke yi daga itatuwan daji. Na Oklahoma suna alfahari da sunan waɗanda suka saci jiki suka shiga tun kafin a harba bindigar rabon filaye. Na Nebraska an daɗe ana ce musu maciya ƙwari, har suka gaji suka koma masu dasa itace, daga baya suka koma masu ɓare masara.

"Su dai sun ji kunya sun sauya," in ji Elwood. "Mu kuwa mun riƙe namu, amma mun manta mai shi."

Namu na Wisconsin shi ne Jihar Dage, kuma a nan ne ciwon yake. Lokacin da aka gano dalma a tuddan nan, maza suka kwararo ba su da lokacin gina ɗaki. Wasu suka fafe gefen tudu suka shige, suka yi hunturu a ciki. Waɗanda suka zo daga kudu, daga Illinois, sukan hauro kogi idan ƙanƙara ta narke, su gudu gida da zarar sanyi ya leƙo, sai aka laƙaba musu sunan wani kifi mai irin wannan tafiya. Su kuma suka rama, suka kira mazauna ramuka dage. Haka littattafai suka kawo, kuma ban taɓa samun dalilin musa musu ba. Ɗaya daga cikin mazauna ramukan shi ne Pascoe Chenoweth, kakan mahaifin Elwood, kuma raminsa yana nan a tudun da ke kallon Layin Gangare, ciyawa ta rufe bakinsa. A wurin Elwood, duk hoton dabbar da aka manna a riga ko a kwalbar giya ƙwace ne aka yi wa Pascoe da rana tsaka.

Akwai wata al'ada tamu da dole in ambata. Da matan mahaƙa suka iso aka gina gidajen dutse, sai aka juya kowace ƙofa ta kalli tudu. Idan abincin rana ya nuna, mace ta tsaya a ƙofar gaba ta kaɗa farin tsumma, mijinta ya hango, ya ajiye diga ya sauko. Ramuka sun mutu, amma har yau babu macen Zennor da za ta kakkaɓe tsumma a ƙofar gaba don wani dalili dabam. Ɓurɓushin tebur ƙofar baya ake kai shi. Verna, matar Elwood, 'yar gidan Zweifel ce, mutanen Switzerland masu shanu, a wurin surukarta ta koyi abin. Ta riƙe shi fiye da 'yan gado. Gidansu yana kan gangare, don haka duk tsanin da Elwood ya hau a gari yana hango ƙofarsa, kuma da tsumma ya motsa zai sauko ko da yana tsakiyar harafi.

Verna tana da ƙane, Norbert, mai yin cuku, dogo ƙato mai muryar ganga. Shi ne ke sa rigar dage a faretin watan Yuli, riga ce da ya ɗinka da tsohon kafet, mai faɗin murmushi, yana rawa yana jefa wa yara alewa. Tun ranar ɗaurin auren Verna yake tsokanar Elwood, kuma babu wanda ya taɓa ganin ɗayansu ya ci abincin Lahadi ba tare da ɗayan ba.

Elwood ya haura sittin lokacin da tankin gari ya yi tsatsa, aka kira taron gari don a yanke abin da za a zana a jikinsa. Kowa ya san shi zai yi fentin. Tun kafin shugabar taro ta gama buɗewa Norbert ya miƙe.

"A zana dage mana. Jihar Dage muke, ko an sauya ne ban ji ba?"

Elwood ya tashi, gashin bakinsa shuɗi a ranar. "A zana mahaƙi da hularsa da kyandir ɗinsa. Shi aka zaga, shi ya sha sanyin. Wannan dabbar taka me ta taɓa haƙo wa jihar nan ban da ɓera?"

"Ga shi nan, ya fara. Yaya, yau ba ki ba shi maganinsa ba ne?"

"Ni ku cire ni," in ji Verna, ba ta ɗaga kai daga saƙarta ba.

"Jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya," in ji Norbert, yana juyawa don kowa ya ji. "Tatsuniya ce. Babu ɗan Adam da zai yi hunturun Wisconsin a rami ya fito da yatsunsa goma. Pascoe ɗakin haya ya kama a bayan gidan giya. Ramin nan dankali yake ajiyewa a ciki."

Ɗakin ya kaure. Masu jinin Cornwall suna buga benci, masu shanu suna dariya har da hawaye. Elwood ya hau kan kujera, domin a tsaye ba a ganinsa.

"Dankali? Dankali ka ce, mai warin cuku? To ni zan shiga! Daga ranar da dusar ƙanƙara ta kwanta har ranar da ƙanƙarar rafi ta fashe!"

"Kai? Mutumin da ke kwana da safa biyu a watan Yuni? Kafin Kirsimeti za ka zama kifin Illinois."

A nan take aka ƙulla. Elwood zai zauna a ramin Pascoe, ba zai tsallake shingen da ke gindin tudu ba har rafi ya buɗe. An yarda a kai masa abinci. Idan ya jure, mahaƙi zai hau tanki. Idan ya tsallake, dabbar za ta hau, kuma da hannunsa zai zana ta. Ni aka naɗa shaida, ba don wata daraja ba, sai don tagar ɗakin karatuna tana kallon shingen. A bakin ƙofa na ji Verna tana cewa, "Tsohon bunsuru, ka tambayi kowa a ɗakin nan ban da ni." Ya ce ai tarihi ne ya kira shi. Ta ce to tarihin ya riƙa ɗuma masa ƙafa.

Ya shafe kaka yana gyaran ramin. Tsawonsa ya isa mutum ya miƙe ƙafa, tsayinsa kuwa ya isa Elwood kaɗai. Ya tokare rufin da itace, ya shimfiɗa tattaka. Norbert ya aiko masa da tsohuwar garwar madara, wai ya riƙa tara hawayensa. Elwood ya huda ta ya yi murhu, ya fitar da bututun hayaƙi ta sama. Ƙofar kuwa wani tsohon allo ne da mai shi bai karɓa ba, an rubuta a jikinsa ANA SAYAR DA SABON ƘWAI. Duk hunturun babu wanda ya ƙwanƙwasa ba tare da ya nemi dozin guda ba.

Ranar da dusa ta kwanta, rabin gari ya raka shi da ƙaho da ganga, kamar ana kai amarya. Daga nan Zennor ta zare. Ana tashi daga coci sai a yi tudu. Mawaƙan coci suka je suka rera masa a bakin rami, shi kuma yana amsawa ta bututun hayaƙi. Mai aski ya hau da almakashinsa. Direbobin da ya saba tarewa suka riƙa danna ham idan sun zo wucewa, wani ɗan Illinois ma ya tsaya ya aika masa da gwangwanin kifi. Elwood ya cinye ya ce wannan ne amfani na farko da ya gani a jihar.

Kullum da tsakar rana Verna takan zo shinge da kwando. A ciki akwai fasti, ƙullin fulawa da nama da dankali da albasa, abincin mahaƙa. Shi yana can gefe, ita tana nan gefe, suna hira a kan waya kamar masu zance. Tsumman kuwa yana rataye a ƙusa, domin babu wanda za a kira.

Mahaƙan dā ba sa cinye fasti. Sukan bar ɓawon gefe ga 'yan ƙwanƙwasa, ƙananan mutanen ɓoye da ake cewa suna buga dutse don gargaɗi kafin rami ya rufta. Elwood ya bi sunnar kakanninsa, yana ajiye ɓawon a ƙuryar rami. Da safe babu shi. Ya cika gari da labarin cewa mutanen Pascoe sun karɓe shi, har Fasto ya yi masa nasiha a kan camfi.

A tsakiyar Janairu sanyi ya ɗan sassauta. Wata rana da hantsi na hango shi a shinge yana yafuto ni da hannu biyu.

"Malam, zo ka ga abin kunya. Amma ka rantse ba za ka gaya wa Norbert ba."

Na durƙusa na leƙa. A ƙuryar ramin, inda yake ajiye ɓawon, wata kafa ta buɗe a bango, kuma a bakinta ga dage, na gaske, mai farin layi a goshi, ya danne ɓawon fasti da farce yana yi mana gurnani kamar mun shigo masa ɗaki ba sallama.

"Tun farkon hunturu shi nake ciyarwa," in ji Elwood a raunane. "Da naman Verna."

Ban gaya wa kowa ba. Amma dage dabba ce mai wari, kuma mai aski yana da hanci. Kafin yamma Norbert ya iso, yana haki, yana dafe da ciki.

"Suruki! An ce mai gidan ya dawo! Ka nuna masa takardar haya kuwa?"

"Baƙo ne. Pascoe ya riga shi."

"Ka gaya masa haka. Ga shi can, yana jin ka."

Elwood bai kori dabbar ba, domin ba ta koruwa. Sai ya koma nazarinta. Idan ta leƙo a ranakun da sanyi ya yi sauƙi, yakan ɗauki gawayi ya zana ta a jikin allon ƙwai: yadda take baje ciki a ƙasa, yadda fatarta ta yi mata yawa, yadda take kallon duniya kamar an ci mata amana. "Kada ka zaci sonsa nake, Malam," ya ce mini. "Mutum ya san fuskar abokin gabarsa."

Sai babban sanyi ya sauko a Fabrairu, irin wanda itatuwa ke fashewa kamar bindiga. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Kowace safiya nakan duba bututun kafin in sha shayi, kuma kowace safiya akwai hayaƙi. Gashin bakin Elwood ya daskare, ya zama launi ɗaya karon farko tun yana saurayi. Yana zuwa shinge lulluɓe da barguna har ba a gane gabansa da bayansa, yana tari, yana cewa lafiya lau, ramin ya fi gidan Fasto ɗumi. Verna ta daina yi masa faɗa, wanda a wurinta alama ce mara kyau.

Da sanyin ya wuce Elwood yana nan da yatsunsa goma, sai Norbert ya shiga damuwa. Wata rana Verna ta tafi taron mata a coci. Ina zaune a taga sai na ga ƙofar gidan Chenoweth ta buɗe, wata mace mai kafaɗa kamar ta sa ta fito, da rigar girkin Verna wadda ba ta rufe mata rabin ciki ba, da ɗankwali a ka, ta hau kaɗa tsumma. Elwood ya fito bakin rami, ya kare ido da hannu, ya duba. Sannan ya haɗa tafukansa a baki.

"Norbert! Da wuyan hannu take kaɗawa, ba da kafaɗa ba! Kai kamar mai korar shanu daga gona!"

"Ba Norbert ba ne!" in ji matar, da muryar da ta girgiza gilashin tagata.

"To ki gaishe mini da shi! Ki ce ɗankwalin ya yi masa kyau!"

Verna ta dawo ta tarar an ɓarke mata rigar girki. Norbert ya yi Lahadi biyu yana cin abinci a tsaye a kicin.

Maris ya shigo, dusa ta fara zama taɓo, ƙanƙarar rafi ta yi duhu tana nishi. Mutane suka koma yini a kan gada. Masu jinin Cornwall sun riga sun sayi kyandir don biki. Ranar da abin ya faru, kusan duk gari yana gada, domin tsofaffi sun ce rafin ba zai kai gobe ba. Ni ina bakin aikina a taga. Rana ta take, Elwood yana zaune a bakin rami yana shan hantsi, yana jiran lokacin kwando.

Kwatsam ƙofar gaba ta bugu da bango. Verna ta fito da tsumma a hannu tana kaɗa shi sama da ƙasa, hagu da dama, da ƙarfin da ban taɓa gani ba. Daga inda nake na ga hayaƙi yana tashi daga gefen tsumman. Daga tudu ba a iya ganinsa.

Ban ga lokacin da Elwood ya yanke shawara ba, kuma ina zaton bai yanke ba. Ƙafafunsa ne suka tashi suka tafi da shi. Barguna suka zube ɗaya bayan ɗaya. Ya yi gudu, ya zame, ya gangaro a zaune, ya miƙe, hula ta yi nata wuri. Na buɗe taga na yi ihu, "Shinge! Elwood, shinge!" Mutumin da ya haura sittin, wanda tsayinsa bai fi shingen da yawa ba, ya tashi sama ya wuce ta kansa kamar ɗan maraƙi. Bai tsaya ba sai a kan dakalin gidansa, taɓo tun daga gira har takalmi, yana murmushi.

"Ga ni."

"Wa ya kira ka?" in ji Verna.

"Ke. Kin kaɗa."

"Wuta ce ta kama shi, tsohon bunsuru! Ina fitar da fastinka ne ya taɓa murhu. Kashewa nake!"

Ya dubi tsumman, rabinsa ya ƙone. Ya waiwaya ya dubi shingen. Ya dube ni, ina tsaye a titi da silifas. "Shekara arba'in ke nan, kaɗawa biyu kawai take yi ta shige," ya ce mini. "Yau ta kaɗa kamar amarya. Me kake so in yi, Malam?"

"Tunda ka zo, cire takalmin ka shigo," in ji Verna. "Abinci zai huce."

Bai kai rabin fastin ba ƙararrawar coci ta kama bugawa, ihu ya taso daga gada. Rafi ya fashe. Jama'a suka ɗunguma zuwa tudu da ƙaho don su ɗauko gwarzonsu a kafaɗa, suka tarar da rami babu kowa sai dage, wanda ya karɓe su yadda ya saba. Da suka gangaro suka leƙa tagar kicin, sai ga gwarzon a kan tebur, ƙafafunsa cikin kwanon ruwan zafi.

A taron da ya biyo baya kowa ya so a yafe. Har Norbert ya miƙe yana murza hula, ya ce ai saura ƙiris, kuma ya janye maganar dankali. Elwood ya hau kujerarsa.

"Malam, na tsallake ko ban tsallake ba?"

"Ka tsallake," na ce.

"Rafi ya fashe a lokacin?"

"Bai fashe ba."

"To magana ta ƙare. Zan zana masa dabbarsa. Amma kowa ya ji wannan: sanyi bai fitar da ni ba. Pascoe ma ba sanyi ne ya fitar da shi ba. Ya zauna a ramin nan har ranar da matarsa ta iso ta tsaya a ƙofa da tsumma. Na yi abin da ya yi daga farko har ƙarshe."

Aka tafa masa har benci ɗaya ya karye. Amma sharaɗi sharaɗi ne.

Ya yi watan Yuni a rataye jikin tanki da igiya, gashin bakinsa baƙi da fari da toka. Da aka kwance tamfol, wata tsohuwa ta ce, "Kai, wannan zai ciji mutum." Norbert ya daɗe yana kallo, ya dubi rigarsa ta kafet, ya sake kallon sama.

"Suruki, ina murmushin?"

"Na zauna da shi ɗaki ɗaya. Ba ya yi."

An lura cewa Elwood ya ƙara mako guda a bayan tankin, amma an ɗauka tsatsa yake kankarewa. Bayan tankin ba ya kallon komai sai tudu, itatuwa kuma sun tare shi daga ƙasa. Da kaka, Norbert ya hau tudu don ya ɗauko garwarsa. Ya isa bakin rami, ya juya don ya huta, sai ya ga bayan tankin a saitin idonsa. Ga mahaƙi nan, gajere kakkaura mai gashin baki, da kyandir a hula, yana gangarowa a guje, ƙafafunsa duka biyu a sama, bakinsa har kunne. A can ƙasan hoton, hannun mace ya leƙo daga ƙofa, riƙe da farin tsumma. An ce dariyar Norbert har gidan mai an ji ta, kuma ya sauko tudun yadda surukinsa ya sauko, a zaune.

Ya kawo maganar taron gari da kansa. Aka duba abin da aka yanke, aka ga ba a ce komai game da bayan tanki ba. Norbert ya ce to a fitar da hanya zuwa ramin, a sa benci, domin ba zai yarda shi kaɗai ya sha wannan wahalar hawa ba. Elwood ne ya rubuta allon da ke wurin. Tun daga lokacin, duk mai son ganin mahaƙin sai ya tsaya a ƙofar Pascoe, kuma duk wanda ya tsaya nan sai ya tambayi ramin na wane ne.

Elwood ya ƙara shekaru kusan ashirin yana tare direbobi, bai kuma fasa cewa an yi wa kakansa ƙwace ba. Ya rasu a gadonsa, da safa biyu. Norbert ya sa rigar kafet ya bi gawar har maƙabarta, domin haka mamacin ya hana shi yi, da babbar murya, a gaban shaidu.

Bayan haka nakan leƙa Verna ranar Alhamis. Wata rana muna zaune a kicin ɗinta sai na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba. Murhun yana jikin ƙofar baya, kusa har mutum zai iya taɓa su duka biyu a tsaye. Ƙofar gaba kuwa sai an ratsa falo. Ta ga inda nake kallo, ta ci gaba da yanka albasa.

"Ga kuma famfo nan a gefe, Malam, tunda kana dubawa."

"Wutar fa?"

"Wutar gaskiya ce. Ƙofar ce na zaɓa. Hunturu guda ina cin abinci ina kallon kujerarsa babu kowa, ga shi can yana tari, yana ciyar da ƙaton ɓera da namana. Ranar nan tsofaffi sun ce rafi ba zai kai gobe ba. Haka suka ce jiya da shekaranjiya."

Na tambaye ta ko Elwood ya sani. Ta goge hannu, ta dube ni yadda nake duban ɗalibin da ya bar amsa a gabansa yana neman ta a rufi.

"Ka hau tudun nan sau nawa? Mutumin da ya zana wa dage kowane gashi, ka ga ya sa ko ɗigon hayaƙi a jikin tsumman? Kira ya zana, ba gobara ba."